Sakamakon Hoton Ƙirjin Baban Hafsa

Laraba da dare, Bungudu

Alhamdulillahi, ba ciwon daji ba ne!

Tun da maigidana ya fara tarin nan mai jini ban yi barcin kirki ba. Yau muka koma asibiti a Gusau karɓo sakamako. Likita ta ce ciwon huhu ne, zai warke da magani. Ta tambaye shi ko yana shan taba, ya ce a'a. Sai bakina ya suɓuce: "Likita, wiwi fa?" Shekara da shekaru yana busa ta a bayan gida, yana ce mini ai ganye ne kawai.

Ta ce, "Malam, hayaƙinta ma yana ɗauke da dafin da ake tsoro a sigari. Wannan karon ka tsira."

A hanyar dawowa na ɗauka na jawo wa kaina faɗa. Muna shiga gida ya zaro ƙullin wiwin daga bayan rumbu ya miƙo mini. "Ungo, jefa a masai. Ni ba zan iya ba."

Na jefa! Saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

Abokansa na tasha da suke busawa tare suna nan, su nake tsoro. Amma yau bayan la'asar, lokacin da ya saba ɓacewa, sai ya zauna yana taya 'yarmu Hafsa ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Baba, yau ba ka zuwa unguwa?"

Ya ce, "Yau nan ce unguwar."