Baho Mai Kujera Biyu

Zuwa ga 'yata, Uwar Babanta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a neman da ya kai ku nesa, Ya tsare ku fita da shiga. Mu nan mun gode Allah. Ni lafiyata ƙalau, sai baya da yake tuna mini shekaruna idan na daɗe a sunkuye. Auta lafiya lau, har ƙiba yake yi. Gwaggonku ta yi mura ta warke, bakin nan nata kuwa murar ba ta rage masa komai ba. Kawunku na kanti an cire masa haƙori, yana ta fushi da kowa. Babanku ne dai ba zan ce miki lafiya ba, ba kuma zan ce ciwo ya ƙaru ba. Ɓarin hagun yana nan da nauyinsa, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa ƙofar gida, maganarsa ta fi da fita. Amma jiri yana ɗibarsa da safe, kuma wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Kada ki ce me ya hana ni faɗa miki a waya. Kin san duk lokacin da kika kira, babanku yakan sa a buɗe murya kowa ya ji, sai in tsaya ina ta cewa lafiya lau kamar aku. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya koyi biro da furfura ba ya tafiya a kan layi.

Maganar mota ce. Kin san tsohuwar motarmu ta gida injinta ya buga, bakanike ya ce gyaranta ɓarnar ƙarfi ne. Aka sayar da ita, Auta ya haɗa da abin da ya tara, aka ce za a nemo wata mai ƙofa huɗu wadda za ta riƙa kai babanku asibiti. Ranar da za a je dubawa babanku ya ce shi ma zai bi, wai wanda ya tuƙa bas ɗin ma'aikata har ya yi ritaya ba za a sayi mota a bayan idonsa ba. Na ji daɗi ma, na ce babba zai tsare yaro. Da yamma ina shanya sai na ji wani gurnani a ƙofar gida. Na leƙa, na ga wata jar aba a ƙasa-ƙasa, ba rufi, kawunansu biyu a waje, kowa bakinsa har kunne. Na tambaya ina sauran motar. Auta ya ce ai ke nan duka. Na zagaya ina neman kujerar baya, ban samu ba. Kujera biyu ce da ita, 'yata, ta direba da ta wanda ke gefensa. Gwaggonku da ta zo gani ta ce ita ba ta ga mota ba, baho ta gani an sa masa taya, sunan da ya bi ta ke nan har yau.

Na so in sauke fushina a kan Auta, sai ya rantse shi mai ƙofa huɗun ya nuna, babanku ne ya ja sandarsa ya wuce can ƙuryar garejin ya tsaya a gaban wannan ya ƙi motsi. Da na tambayi babanku, bai musa ba. Ya ce duk rayuwarsa ya ɗauki mutane, wannan ya ce a tsaya, wancan ya ce a rage masa hanya, tun yana saurayi burinsa ya mallaki motar da ba wanda zai roƙe shi ya ɗauke shi. Na ce to ga shi Allah Ya cika masa buri, farkon wadda aka bari a ƙasa matarsa ce.

Bari in lissafa miki halinta, don kada ki ga hoton da Auta ya aiko miki ki ruɗu. Ta wani likitan haƙori ce da ya bar gari, ta sha hannu kafin shi ma, kuma araha ba ta ado. Rufinta na wani kaurin yadi ne, ana naɗe shi baya, amma ƙarfen da ke ɗaga shi yana cijewa a rabin hanya, sai mutum biyu sun kama. Ruwan farko da aka yi ya same su a titi, suka dawo a jiƙe sharkaf, muka kwashe ruwa daga ƙarƙashin kujeru da kofi. Ko an rufe ta, akwai inda take ɗiga daidai kafaɗar fasinja. Gwaggonku ta ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Cikinta ya kusa taɓa ƙasa, duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai ta karta shi, har salansa ya taɓa faɗuwa. But ɗinta ba ya cin buhu guda, ƙarfen koyon tafiya na babanku ma bai shiga ba. Kayan gyaranta babu su a kasuwa. Wata 'yar roba ta lalace, motar ta yi zaman jira a ƙarƙashin rumfa har aka aiko da ita daga wata ƙasa. Bakanike yana ganinta yake fara dariya, ya ce ga amaryar da ba ta shiga kicin. Shiga cikinta kuwa, sai ni da Auta mun riƙe babanku mun sauke shi a hankali kamar ana zura guga a rijiya.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da yake hana ni sukuni shi ne ranar ganin likita. A da ni nake shiga da shi, in zauna a gefe, idan ya ce da sauƙi in ce a'a, ga abin da ya faru ran kaza. Kin san halin babanku, ko ƙafarsa ce a hannunsa zai ce wa likita an gode Allah. Yanzu Auta ne direba, babanku fasinja, ni ba ni da wurin zama. Ba zan iya riga su fita ba, don ni nake shirya shi, ni nake kama shi ya shiga. Na gwada bin su a motar haya, kafin ta gama tsaye-tsayenta in isa, har sun fito. Shi kuma Auta ba ya shiga ɗakin likita, yana waje yana gadin Baho, wai rufin yadi ne, mai reza ɗaya ya ishe shi, kuma yara suna hawa su ɗauki hoto. Haka aka yi zuwan da ya wuce, babanku ya shiga shi kaɗai, bai faɗi jirin ba, bai faɗi zamewar da ya yi a banɗaki ba, likita ya rubuta a ci gaba da magani yadda yake. Da na yi magana ya ce ai ba a tambaye shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni na san mutumin nan ba daidai yake ba da safe, kuma ba wanda zai faɗa wa likita sai ni.

Ana cikin haka sai mai gidan hoto na bakin titi ya zo. Yana son Baho don masu ɗaukar hoto, ya ce zai ba mu tasa mai ƙofa huɗu a yi musaya, mota mai lafiya, mai sanyi, har ƙarfen tafiyar zai shiga. Ya ba mu zuwa Juma'ar ƙarshen wata, bayan nan zai nemi wata. Na ce Allah Ya kawo mafita. Da na kai wa babanku maganar bai yi musu ba, ya ce duk yadda muka ga ya dace. Amma ranar bai gama abincinsa ba. Da la'asar na same shi a ƙarƙashin rumfa, ya jingina sanda, yana goge mata fitila da hannunsa mai lafiya.

A nan ne zan faɗa miki ɗaya gefen, don ban rubuto don in yi ƙarar mota kawai ba. Tun da ciwon nan ya same shi kin san yadda ya koma, zama a ɗaki, kallon bango, abokai su zo ya ce a ce yana barci. Yanzu shi yake tambayar yaushe Auta zai taso daga aiki. Suna fita da yamma su zaga, ya dawo yana ba ni labarin inda aka yi sabon gini da inda aka sare bishiya. Tsofaffin abokan aikinsa suna tsayar da su a hanya suna tsokanarsa, wai tsoho ya koma ango, shi kuma yana ramawa. Mai gasa masa jiki a asibiti ta ce hannun hagun ya fara ɗaguwa fiye da yadda ta zata, ta tambaya wane motsa jiki muke yi masa a gida. Auta ne ya gane. Idan an buɗe rufi, hannun dama yana riƙe da ƙofa, iska kuma tana son hularsa, to da wane hannu zai dafe ta? Hula biyu ya rasa kafin hannun ya yarda ya tashi.

Ni ma na shiga, gani ya kori ji. Auta ya matsa mini wata Asabar, na ɗaure ɗankwali tamau na zauna, ina jin kamar a ƙasa nake zaune ana jana. Da muka fita bayan gari ya ɗan taka, na ga sama gaba ɗaya a kaina, na ji ƙamshin gonaki da aka yi wa ruwa, na ji kukan tsuntsaye. Ban san lokacin da na fara dariya ba. Na dawo da ƙura har cikin kunne, amma na gane abin da babanku yake gani. Idan na ƙwace masa wannan, ina tsoron ya koma kallon bango. Idan na bar masa, ina tsoron jirin da likita bai sani ba.

Na yi ta juya abin, sai na ga kujera biyu ba su yi kaɗan ba, mu ne muka yi yawa. Idan ni ce a sitiyari, ni da babanku mun cika mota. Auta ya kama mini shi ya shiga kafin ya tafi aiki, a asibiti akwai masu taimako a ƙofa, Baho kuma ta yi gadin kanta. Da na faɗa wa Auta ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga ban yi ba sai ya nutsu. Yanzu ranakun da ba ya aiki muna cewa za mu kasuwa, ya kai ni filin bayan tsohuwar masana'anta. Baho mai giyar hannu ce, ƙafa uku take so ni kuma biyu gare ni. Farko tsalle take yi ta mutu, yanzu ina tashinta, ina sa giya ta biyu, ina zagaya filin ban taɓa komai ba sai wata tsohuwar ganga. Auta ya ce na fi shi haƙuri da birki. Allunan hanya ina karanta su, gemu ba ya hana ilimi. Na san lasin ba zai samu a wannan watan ba, ranar ganin likita ta gaba zan roƙi Gwaggonku ta kama babanku ya shiga mota, ni in riga su isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ban faɗa wa babanku ba. Amma jiya da suka shiga za su fita, ya dubi kujerar direba ya tambaya wa ya matso da ita gaba haka. Auta ya ce bakanike ne. Babanku ya shaƙi iska, ya ce wannan bakaniken gajere ne ƙwarai, kuma a faɗa masa ya daina ɗora ƙafa a kan kuloci, ƙaurinsa har nan yake ji. Yana maganar yana kallona. Bai ce na'am ba, bai ce a'a ba. Mutumin da ya tuƙa jama'a tsawon rayuwarsa ba zai buɗe baki ya ce matarsa ta tuƙa shi ba, sai an ba shi hanyar da zai yarda ba tare da ya ji ya faɗi ba. Ke ce mai sunan mahaifiyarsa, bai taɓa mayar miki da magana ba.

Don haka abu biyu nake roƙo. Ki faɗa mini gaskiya, ba don ki faranta mini ba, ko kina ganin mace mai shekaruna ta hau titi da marar lafiya a gefenta. Idan kin ce a'a, ba zan ji haushi ba, zan kira mai gidan hoto da kaina, in san yadda zan lallashi babanku. Idan kin ce e, to ki rubuto masa tasa takardar daban, ki ce ke kika roƙi alfarma ya koya mini, don ya zama shi ne malamin, ba fasinja ba.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki gaida Babban Yaya da 'Yar Baba da ƙaramin mai ƙin wanka, ki ce kakarsu tana sa musu albarka. Ki gaida surukarki, Allah Ya ƙara mata sauƙin ido. Gwaggonku da Kawunku da Auta duk suna gaishe ki. Direban babbar motar da zai kawo miki wannan zai juyo a makon ƙarshe, ki ba shi amsa, ki rubuta da manyan baƙaƙe. Ina so ta iso hannuna kafin Alhamis ɗin ƙarshen wata, don ran Juma'a mai gidan hoto zai zo da makullinsa, kuma ba na so in tsaya a gabansa ban san bakin da zan buɗe ba.

Wassalam, taki mai yi miki addu'a kullum,
Innarki