Yatsan da Ke Kama Birki

Faraku, Lahadi

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da su Bona. Yaya ciwon gwiwar? Abin da ke cikina lafiya lau, sai shure-shure.

Inna, jiya Asabar ba za ta taɓa fita daga raina ba. Mijina Sabi ya kafe babur ɗinsa na haya a tsakar gida, ya bar inji yana aiki, yana goge sarƙa da tsumma, yadda duk abokan sana'arsa suke yi. Ni ina kan tabarma ina karanta masa littafin soyayyar da na sayo a kasuwar Arzeke. Da na zo inda saurayin ya dawo daga teku, sai na ce, "Malam, juyo ka koyi yadda ake kallon mace!" Ya waiwayo yana dariya. Sarƙar ta fizgi tsumman, ta haɗa da kan yatsansa manuni na dama. Ban faɗa wa kowa wannan ba sai ke.

Maƙwabcinmu Woru ya tuttula masa man birki, wai yana tsai da jini. Da muka je asibiti, likita ya yi ta faɗa a kan haka. Ya ce tsokar kan yatsan ta tafi, ƙashi yana waje. Ko a rage shi zuwa gaɓa, ya warke a kwana goma, ko a lanƙwasa shi a ɗinke da fatar tafin hannunsa har sati uku, in ta kama a raba su. Ta biyun ce za ta bar masa yatsan da yake kama birki da shi, amma sai da mai yi masa wanka, mai ba shi abinci a baki.

Sati ukun nan kuwa su ne ungozoma ta ce sun rage mini. Na san kin share ɗaki a Nikki kina jirana. Sabi cewa yake, "A yanke kawai, sarkin karatu. Yatsu tara da rabi ma suna cin sakwara. Ke dai tafi wurin Inna."

Ina tsoron haihuwar fari babu ke. Duk littattafaina babu wanda ya faɗi yadda ake yi.

Ki gaida kowa.

'Yarki,
Bake

Faraku, Litinin

Innata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Da safe na leƙo ta taga, na ga Sabi a kan babur, yana gwada matse birki da yatsan tsakiya. Sau uku yana kuɓuce masa. Da ya hango ni sai ya yi kamar ƙura yake kaɗewa.

Na ce masa ko an yanke ko ba a yanke ba, ƙafata ba za ta taka tasha ba, don haka ya daina yi mini kyauta da yatsansa. Daga ƙarshe ya yarda. Gobe da safe za a ɗinke.

Ki yafe mini, Inna. Ba zan zo Nikki ba. A nan zan haihu.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Bake