Da Jininki Aka Tambaya, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta 'ya da uwa, ina fatan kina cikin rahamar Allah.

Yau da haushinki na tashi, kuma sai na faɗa.

Kin tuna lokacin da ake miki gashi da na'ura a asibitin birni saboda kansar mahaifa? Ƙarin ya ragu, amma gashin ya taɓa hanjinki. Gudawa ba ƙaƙƙautawa. Ranar asibiti ko koko ba kya sha, don kada a tsayar da motar Gezawa saboda ke. Zannuwanki kuwa da kanki kike wankewa a bayan rumbu. Mu muna ta ɗora wa ruwan rijiya laifi.

In likita ya ce yaya jiki, sai ki ja mayafi ki ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." Shi kuma ya kira na gaba. Wai ba za ki yi zancen bayan gida da sa'an ɗanki ba. Haba Inna. Sai da kika bushe kamar karan dawa, jini ya fara biyowa, sannan aka gane, lokaci ya ƙure.

Yanzu ga Yaya Binta ana yi mata gashin nan, ciwo iri ɗaya. Wata nas ta gaya min akwai sinadarin da hanji ke zubawa cikin jini. In gashi ya ƙona hanjin sai sinadarin ya ragu, a gani a awo tun kafin mara lafiya ta buɗe baki. Na ce to a auna na Yaya mana. Ta ce har yanzu bincike ake a kai, bai iso wurinsu ba. Duk zuwa sai an ɗebi jininta, amma abin da nake so a duba shi ne babu.

Shekaranjiya na ga Yaya ta ture kokonta, ta naɗe zane ta nufi bayan rumbu. Halinki sak. Na tambaye ta, kin san amsar da ta ba ni.

To ki yafe min, Innata, zan saɓa wa tarbiyyarki. Gobe tare za mu shiga, kuma kafin ta ja mayafi zan faɗa wa likita komai, har da launinsa. Ta daina kula ni har girbi in ta ga dama, in dai tana nan da ranta.

Allah ya haskaka kabarinki, ya ba Yaya lafiya. Ni kuma gobe, kada ya sa min kunyarki a baki.

Autarki,
Ladidi