Turancin Alhassan a Gaban Mma

Daren Laraba, Asokore Mampong

"Yaya, wallahi ba mai taɓa shagon Mma na kasuwar Kejetia sai ta ji komai da kunnenta." Haka Alhassan ya rantse mini ranar sadakar arba'in ɗin Baba.

Yau ya zo da abokinsa na unguwar Suame da wata takarda, ya zaunar da Mma, ya juya harshe zuwa Turanci, wanda ya san ba ta ji. Ina madafa ina jiyo shi. Na san ƙanina sarai. In ya ce "to be honest", rabin gaskiya ce ke tafe. In ya ce "let me be clear", an riga an gama, sanarwa kawai yake yi. Kafin in wanke hannu in fito, Mma ta dangwala yatsa tana murmushi, wai takardar gyaran rufi ce. Na karɓa na karanta. Shagon ya koma sunan abokin.

Ni na koya masa karatun nan da ya yanka uwarmu da shi.

Na ba shi zuwa sallar Juma'a ya faɗa mata da Hausa. In ya ƙi, zan kira Kawu Issaka ya zauna, in fassara mata takardar layi-layi, Alhassan yana tsaye.