Sawun Saniyata

Litinin, 6 ga Mayu 2024

Saniyata ta ɓata. Wadda Inna ta bar mini. Da safe na iske turke, babu ita. Ba ni ko tantama, aikin Mamane ne, ɗan maƙwabciyata Tanne. Tun ranar da saniyar ta ci musu harawa yake cewa za mu gani. To, na gani. Kafin in tafi lakwal, makarantar da nake koyarwa, na kai ƙara wurin mai gari.

Talata, 7 ga Mayu

Tanne ta tare ni a rijiya tana rantse-rantse. Na ce ta adana rantsuwarta. Mai gari ya ce ran Alhamis, in ba a ga saniya ba, zai miƙa Mamane ga jandarma. Madalla.

Sai dai ya ce tsoho Ɗangoma mai bin sawu ya fara dubawa. Mutumin da ko salla ba ya yi! Ni da ke koyar da aji biyu, shi zai karanta mini ƙasa?

Laraba, 8 ga Mayu

Na bi Ɗangoma don kada Tanne ta saye shi a bayan idona. Rana kamar wuta, tsoho yana duƙe yana gunaguni. Na ce, Baba, saniya ta tafi, mene ne abin dogon nazari?

Ya ce, "Madam, ke tahiya guda kika sani." Sai ya shiga nuna mini da sanda. Dabbar da aka ja tana turjewa, kofato ya tono rairayi. Wadda aka kora tana sassarfa, taku ya yi nisa da juna. Wadda ta tsinke da kanta tana ratse-ratse, nan ciyawa, can ciyawa. Ɓarawo kuma sanɗa yake yi, yana waiwaye.

"Wagga ba a ja ta ba, ba a kore ta ba. Bi ta yi. Mutum na gaba, ko igiya babu, tana taƙama bayanshi. Nan ma ya tsaya ya jira ta."

Na ce surutun banza. Ya ce mutumin yana ɗingishi, diddigen hagu ba ya taɓa ƙasa, kuma sun miƙe arewa, hanyar Sanam. Daga nan ya kalle ni. "Wa take bi ba igiya, ɗiyata?"

Na ce kaina na ciwo, na juyo gida. Tsoho mai shisshigi.

Laraba, bayan la'asar

Mamane ba ya ɗingishi.

Ƙanena Zaidu ke ba ta dusa da kanwa. Tun faɗuwarsa a babur bara bai ƙara taka diddigen nan ba. Ya ce mini biki ya tafi Damana. Damana kudu take.

Na kira shi sau shida. A na bakwai ya ɗauka. "Yaya, ki yi haƙuri, ina cikin motar Agadas, in na samu aiki zan..." Na kashe. Ya sayar da ita ya yi kuɗin mota ke nan. Ni na goye shi. Na tsane shi yau, wallahi na tsane shi.

Ɗangoma ba zai faɗi suna ba, ya ce shi sawu yake faɗi. In na yi shiru, gobe a tafi da Mamane. Ai shi ma ba waliyyi ba ne.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na faɗa, na ce Zaidu ne. Gaban mai gari, gaban kowa, da sunan ubanmu a haɗe. Tanne ta yi guɗa har zanenta ya kusa kwancewa. Mara kunya. Mamane kuwa ya sa takalmansa ya fita. Wannan ya fi guɗar ciwo.

Asabar, 11 ga Mayu

Ban fita ba. Turken na nan, na kasa tuge shi.

Litinin, 13 ga Mayu

Na bi ta ƙofar Tanne da safe. Tana shara. Na ce ina kwana. Ta ci gaba da shararta, har ƙura ta hau mini ƙafa.

Gobe ma zan gaishe ta. Ba don komai ba, hanyar lakwal ce. To, akwai wata da ta fi ta kusa, amma rairayi ya yi mata yawa.