Fanna da Ruwan Sodar Inna

Assalamu alaikum Yaya Bintu,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Yaya jikin autar taki? Mu nan Yerimaram lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Kin san tun da ƙanwarmu Fanna ta faɗi jarrabawar kemistiri ta ce ita da littafi har abada. Ran Asabar Inna tana jiƙa sodar sabulu, ruwan ya ɗau zafi babu wuta. Na tambayi Fanna daga ina zafin yake. Ta share ni, can sai ga ta da ma'aunin zafi na aro. Ta auna nauyin ruwa da na soda, ta duba yadda zafin ya hau, wai da su za ta lissafa zafin da sodar ta saki.

Tana cikin haka Inna ta kwara ruwan randa a kofin, kada ya ƙona mata 'ya. Fanna ta ce, "Inna, kin kashe mini amsa." Ta yi dariya har da hawaye, ta sake haɗa wani.

Jiya Fanna ta ce in raka ta rajistar jarrabawa. Ki sa ta a addu'a, amma kada ki yi mata maganar tukuna. Ki gaida su Baba Gana.

Ƙaninki,
Modu