Ciyawar Desmond Za Ta Koma Kudu

Bicheno, 4 ga Yuni

Zuwa ga ƙanin mijina Lindsay,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kai da matarka Merle kuna lafiya, da gwiwar nan taka da ba ta jin magani. Ni dai ina nan. Wata huɗu da rasuwar Desmond, har yanzu kofi biyu nake saukewa da safe in mayar da ɗaya.

Maganar 'ya'yan ciyawar tekun da ya bari a tankin rumfa ce. Sun kama igiyoyi goma, sun kai tsawon farce. Daga ragowar ciyawar gaɓarmu ya samo irin, yanzu kuwa ɗumin ruwa ya kashe ta, ko ɗaya ba ta rage ba. In waɗannan suka mutu, shi ke nan. Dole su shiga teku kafin sanyi ya wuce, kuma ba a nan zan sa su ba. Dover zan kawo maka su, can kudu ruwanku ya fi namu sanyi. Ka shirya jirginka.

Ka huta lafiya.
Noelene

Dover, 11 ga Yuni

Matar Yaya,

Muna gaishe ki. Gwiwa tana nan, ta ma fi ki jin magana.

Ko dai kin gano inda Yaya ya ɓoye kwalbar giyarsa ne? A lungun tekun nan naku na Bicheno Baba ya koya mana tuƙi, lokacin da ciyawa ke naɗe farfela saboda yawa. Shekara goma sha ɗaya Desmond yana wahala don ya maido da ita wurin. A can ni da ke muka zuba tokar gawarsa. Bai taɓa cewa Dover ba.

Kuma wane ɗumi kike tsoro? Ƙanƙara ta rufe duwatsu tun Mayu. Ki je ki tsoma hannu ki ji. Ba zan ɗauke wa ɗan'uwana kayansa daga gidansa ba.

Merle ta ce ki riƙa cin abinci.

Naki,
Lindsay

Bicheno, 19 ga Yuni

Lindsay,

Na gaishe ku. Ka ce wa Merle ina ci.

Na tsoma hannun, har yatsuna suka ƙage. Amma wannan saman ne, ruwan sama da na rafi. Kai miyar da ta huce a sama ba ta taɓa ƙona maka harshe ba?

Ban yi karatu mai nisa ba, amma shekara talatin ina riƙe wa yayanka igiyar awo. Ka tuna sanyin bara. Iskar yamma ta ƙaura can kudu ta bar mu, wata biyu ko tufafin shanya ba sa motsi. Teku bai huce ba, ga ruwan ɗumin arewa ya gangaro ya zauna har ƙasa. Desmond ya ce irin wannan ɗumin ba ya tafiya. Lokacin zafi yakan rufe shi a ƙasa kamar bargo, in iskar sanyi na gaba ta fara juya teku, sai ta tono shi.

Ranar Talata maƙwabciyata Glenys ta fitar da ni a kwale-kwale. Ta ce, "Noelene, in kika faɗa ruwa ba ruwana, jiya na gyara gashina." Na saki kwalbarsa ta ɗebo ruwa mai toshiya zuwa zurfin gaba ashirin, na fizge toshiyar, na jawo, na sa ma'aunin zafi. Sau uku na yi. Na duba littafinsa: ɗumin ya fi na kowane Yuni da ya rubuta da digiri biyu. Glenys ta ce, "To, tsohuwa, kuka za ki yi ko gida za mu?" Na yi duka biyun.

Kana jin ba na so in riƙa hango 'ya'yan ciyawar nan daga tagar kicin? Ba abin da ya rage mini nasa mai rai sai su. Gara su rayu inda ba na gani. In ka ƙi, zan nemi wani mai jirgi a Dover, mutane su yi ta tambayar dalili.

Taka,
Noelene

Dover, 27 ga Yuni

Matar Yaya,

Gaisuwa. Ashe da barazana kika riƙe yayana duk shekarun nan.

Sau huɗu na karanta wasiƙarki. Na zuba tubalan ɗaure igiya a bayan tsibiri, inda rana ba ta daɗewa. Ki zo Asabar, ki lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, kada ki tsaya shan shayi a hanya.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki bar wa Yaya igiya guda a can.

Lindsay

Bicheno, 1 ga Yuli

Lindsay,

Ina gaisuwa. Tara zan kawo.

Ta goma na sa ta a ruwa jiya, daidai wurin da muka tsayar da jirgi ranar da muka zuba tokarsa. Da daddare iskar yamma ta taso, yau da safe ruwan ya fi na jiya ɗumi. Na san ba za ta kai zafin Kirsimeti ba. Na dai ɗaure ta da kyau.

Sai Asabar.
Noelene